Dilawar da Akun da Zai Koyi Turanci a Kwana Uku

Ku ajiye wayoyin nan ku buɗe kunne. Ku yaran yanzu akwai magana ɗaya da ta gagari bakinku, ita ce "ban sani ba". Yaro ya haddace kalma uku ta Turanci, shi ke nan ya fi ƙarfin gaisuwa, ya fi ƙarfin ɗauko wa uwarsa ruwa. Babba ya fara nuna muku yadda ake abu, bai kai rabi ba kun ce kun gane. To ba ku kuka fara ba. A Layin Masu Tukwane, can bayan tashar motocin da ke zuwa Multan, an yi wanda ya fi ku duka, sunansa Dilawar ɗan Sughra Bibi.

Shekararsa talatin da ɗaya. Sau biyar yana zama jarrabawar neman aikin akawu, sau biyar yana faɗuwa, kuma wuri ɗaya ne ke kayar da shi kullum: takardar Turanci, sashen da ake juya magana a ɓoye mai aikin. An fasa tulu, ana fasa tulu, za a fasa tulu, ba a dai faɗin wanda ya fasa. Sai a rubuta jimla a bar gurbi a tsakiya, a jera kalmomi huɗu a ƙasa, a ce zaɓi wadda ta dace da lokacin da aka yi abin. Matasan layin da yawa nan suke tuntuɓe, amma su in sun dawo gida shiru suke yi. Dilawar kuwa dawowa yake ya ce masu duba takarda ne iliminsu bai kai su gane amsarsa ba. Bayan faɗuwa ta biyar ya sayi kwat a gwanjo, ya sayi tabarau alhali idonsa ƙalau, ya ce daga yau a riƙa kiransa Farfesa.

A wannan shekarar ne wani tela ya tashi daga ɗakin da ke saman shagon magani, ɗakin kuwa na kwamitin unguwa ne. Haji Barkat, shugaban kwamitin, ya ce za a ba da shi kyauta ga wanda zai koya wa matasan layin Turancin jarrabawa. Mutum biyu suka nema: Baji Farzana, wato Yaya Farzana da yarensu, wadda ta shekara ashirin tana koyarwa a makarantar 'yan mata, sai Dilawar. Uwarsa kuma ta riga ta yanke masa hukunci tana murza gurasar da suke kira roti. In ya samu ɗakin, ya zama malami. In bai samu ba, kwat ta shiga akwati, shi kuma ya koma kwaɓa yumɓu a wurin kawunsa.

Ran Litinin da hantsi yana shagon shayi, ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana yi wa jama'a bayani.

"Baji Farzana mutuniyar kirki ce, ban ce komai ba. Amma hanyarta ta tsufa. Wata shida tana fama da yaro a kan abin da ni zan zuba masa a kai cikin kwana uku."

Latif mai aski, wanda shagonsa ke manne da na shayin, ya leƙo da reza a hannu. "Farfesa, kai da ka shekara biyar ba ka zuba wa naka kan ba?"

"Kai kana aske ƙeyarka da kanka ne, Latif? Hanyata ba mutum kaɗai ba, ko tsuntsu na zaunar kwana uku, sai ya zaɓi amsa daidai."

"Ko tsuntsu?"

"Ko tsuntsu."

"To ai ga Nawab can."

Kowa ya juya. A tsallaken titi, gindin katangar kotu, tsoho Chacha Inayat, wato Baffa Inayat, na zaune a kan tabarma da kejin koren akunsa Nawab, da katuna a jere a gabansa. Mai ƙara a kotu ko mai neman aure ya zo ya tsuguna, aku ya fito ya zaro kati ɗaya da baki, tsoho ya karanta masa abin da gobe za ta zo da shi. Aikin banza ne, mai hankali ba ya tambayar tsuntsu gobensa, amma da shi tsohon yake ci.

Haji Barkat ashe yana kan kujerar aski, rabin fuskarsa cikin kumfa. Bai ko ɗago ba ya ce, "Na ji da kunnena. Ran Juma'a in an sauko daga masallaci, a kawo tsuntsun filin bakin famfo. Tambaya uku. In ya ci ukun, ɗaki naka ne. In bai ci ba, na Farzana ne."

Shayin da ke bakin Dilawar ya bi wata hanya. Ya yi tari, ya goge ido, ya gyara tabarau. "Uku kawai, Haji Sahib? Na ɗauka goma za ka ce."

Ya yi sa'a, ko kuma ya yi rashin sa'a, Chacha Inayat zai tafi ƙauye bikin jikarsa, yana neman wanda zai riƙe masa tsuntsu zuwa Juma'a. Da Dilawar ya je da zancen, tsohon ya daɗe yana kallon kwat ɗin.

"Turanci za ka koya masa?"

"A kwana uku, Chacha. In ka dawo, lauyoyin kotun nan za su riƙa yin layi a gabanka."

"To saurara, puttar, ɗana. Nawab yana da ka'ida. Da farko dai, kafin ya yi aiki..."

"Chacha, ni za ka koya wa koyarwa?"

"Ba koyarwa ba, cikinsa nake gaya maka. Sannan kejin, in za ka..."

"Na gane, na gane. Motarka za ta tashi."

Ya ɗauki keji ya yi gaba, tsoho na binsa yana kira, shi kuwa yana ɗaga hannu ba tare da ya waiwayo ba.

Abin da bai tsaya ya ji ba, duk wata tsohuwa a layin ta san shi. Akun duba ba ya aiki sai da yunwa, shi ya sa ladansa ƙwayar shinkafa ɗaya ce tak a kowane kati. Ba ya fitowa sai mai shi ya ƙwanƙwasa keji sau biyu da farce, kuma katin da babban yatsan tsohon ya kusanta shi yake zarowa. Ga shi gashin fukafukinsa ya tsiro, lokacin rage shi ya yi, saboda haka in za a buɗe masa a fili sai an ɗaura masa zare a ƙafa.

Ran Talata Dilawar ya jingina allo a tsakar gida, ya yanka kwali huɗu ya rubuta musu manyan baƙaƙe: *is*, *was*, *has been*, *will be*. Ɗaya na abin da ake yi kullum, ɗaya na jiya, ɗaya na abin da aka riga aka gama, ɗaya na gobe, ko da yake shi kansa in ka matsa masa ba zai rantse wanne ne wanne ba. Ya ɗora keji a kan gadon igiya, ya goya hannu a baya, ya fara kai da kawowa.

"Ɗalibi, ka natsu. Yau za mu shiga babi mai nauyi."

Nawab ya juya masa baya, ya shiga sosa ƙarƙashin fiffike.

"Ɗalibi, allo yana nan."

Sughra Bibi na bakin murhu tana tsince wake. "Ka bar shi, haka kai ma kake yi wa malamanka."

"Ammi, ana darasi," ya ce wa uwarsa.

Ya yi awa biyu yana magana. Maƙwabta mata suka jeru a kan rufin gidajensu da sunan shanya kaya, har wadda ba ta yi wanki ba ta ɗauko busasshen zane ta shanya. Da ya gaji ya buɗe keji ya zura hannu zai fito da ɗalibi da ƙarfi. Ɗalibi ya kama masa yatsa bai saki ba sai da Dilawar ya zagaya gadon igiya sau biyu yana kiran sunan uwarsa.

Daga saman rufi wata ta ce, "Baji Sughra, wa ke koya wa wani ne?"

"Yau dai tsuntsun ne ya ba da darasi," in ji Sughra Bibi, ta ci gaba da tsintar wakenta.

Ran Laraba ya zauna da yatsa a naɗe cikin tsumma, yana cin jalebi, soyayyen kayan zaƙin nan da ake tsomawa a ruwan sukari, don huce haushi. Ruwan sukarin ya ɓata masa hannu, ya sa hannun ya gyara katunan a kan tabarma, ya tafi wanke baki ya bar keji a buɗe cikin ɗaki. Yana dawowa ya tarar Nawab ya fito, ya wuce kati uku, ya ɗauki na huɗun yana lasa.

Dilawar ya tsaya cak. Ya dangwala wa wani katin sukari ta baya, ya sauya musu wuri. Nawab ya tafi kai tsaye ya ɗauko shi. Ya sake, ya sake, har sau ashirin.

"Ammi, zo ki ga ilimi."

Ta leƙo. "Kwaɗayi nake gani."

"Haka duk manyan hanyoyin koyarwa suke farawa."

Kafin azahar ya sayo jalebi rabin kilo. Kafin la'asar ya je wurin mai zanen alluna ya sa an rubuta "Kwalejin Farfesa Dilawar", da hoton aku sanye da tabarau, ya hau tsani da kansa ya ɗaura allon a barandar ɗakin da ba a ba shi ba tukuna. Ya bi gida gida yana gayyata. Ya gayyaci limamin masallaci, ya gayyaci lauyoyi biyu, har mai ganga da ke kiɗa a bukukuwa ya ce ya zo, domin in tsuntsu ya ci ta uku a buga.

Shirinsa mai sauƙi ne. Zai zaɓi tambayoyi uku daga littafinsa na jarrabawa, ya duba amsoshin a shafin baya, ya shafa wa katunan sukari tun daga gida.

Ran Alhamis Haji Barkat ya tsaya a ƙofar gidan, yana kallon yatsan da ke naɗe.

"Yaya ɗalibi?"

"Ya kusa fin malaminsa, Haji Sahib."

"Wannan ba wuya. Na zo in gaya maka, Farzana ce za ta rubuta tambayoyin a kan allo, nan take a gaban jama'a. Kada a ce an yi son kai."

"Ai ni ma abin da nake shirin roƙo ke nan."

Haji na juya baya Dilawar ya ruga ɗaki ya jawo littafin daga ƙarƙashin katifa, zai karanta babin a karon farko da gaske. Ya buɗe, babin babu. Daga shafi na sittin sai na casa'in.

"Ammi, ina tsakiyar littafina?"

"Wanda shekara biyu ba ka taɓa ba? Na tsane mai da shi ranar da na soya ƙosan pakora. Takardar tana shan mai sosai, ka ƙaro irinsa."

Ya zauna a bakin gado na ɗan lokaci, sannan ya miƙe da sabuwar dabara. Zai sa jalebi a aljihun kwat. Baji Farzana ta rubuta tambaya, shi ya sa hannu a aljihu kamar mai tunani, ya dangwalo sukari, ya taɓa katin da ya dace lokacin jera su. Abin da ya rage kawai shi ne shi kansa ya san amsar. Wannan bai dame shi ba, tunda kati huɗu ne kacal, shi kuma Farfesa ne.

Ran Juma'a da safe ya tafi a goge masa kwat. Sughra Bibi ta tsaya gaban keji ta dubi tsuntsun.

"Bawan Allah, kwana biyu yana ɗura maka sukari, yau kuma zai kai ka gaban mutane da yunwa."

Ta yanka masa gwaiba biyu, ta ƙara ɗanyen barkono, ta zuba jiƙaƙƙen wake cike da murfin kwalba. Nawab ya cinye tas, ya kumbura, ya rufe ido.

Bayan sallar Juma'a filin bakin famfo ya cika. Maza a kan benci, mata a kan rufi da tagogi, mai ganga a gefe, mai sayar da ruwan rake ya turo kekensa. Rana tana dukan ƙwaƙwalwa. Haji Barkat ya zauna a kujera ta tsakiya, Baji Farzana ta tsaya gefen allo da alli a hannu, mayafinta a kai. Dilawar ya iso cikin kwat, keji a hannun dama, aljihun hagu ya yi nauyi da jalebi huɗu da suka fara narkewa.

Ya yi jawabi na minti ashirin kan makomar ilimi. Haji ya duba agogo ya ce a fara.

Baji Farzana ta rubuta: *The letter … written yesterday.* Ta juyo ta ce, "An rubuta wasiƙa jiya. Wace kalma za ta shiga gurbin?"

Dilawar ya sa hannu a aljihu ya dubi sama. A ganinsa, amsa mafi tsawo ita ce mafi ilimi. Ya jera katunan a kan tabarma, ya dangwala wa *has been*, ya buɗe keji.

"Ɗalibi, bismillah."

Nawab bai buɗe ido ba.

"Ɗalibi, jama'a na jira."

Ya kaɗa kejin, ya yi fito, ya tsuguna ya sa baki a jikin wayar kejin yana raɗa: "Don Allah, Nawab Sahib, ka rufa min asiri."

"Me yake ce masa?" wani ya tambaya.

"Satar amsa yake ba shi," in ji Latif mai aski. "Haji Sahib, a raba su."

Dilawar ya sake dangwalo sukari, wannan karon da yatsu uku, ya shafe katin har yana ƙyalli. Garin haka agogonsa ya bugi keji sau biyu. Nawab ya buɗe ido ɗaya, ya fito da ƙyar yana rangaji kamar attajirin da ya taso daga walima, ya shinshina, ya ɗauki *has been*.

Mai ganga ya ɗaga sanda.

"Ba daidai ba ne," in ji Baji Farzana a hankali. Ta rubuta *was* a gurbin.

Mai ganga ya sauke sanda.

"Gwaji ne wannan," Dilawar ya ce. "Ɗumama murya yake."

"Ka riga ka faɗi ɗaya cikin uku," Haji ya ce, "amma a ci gaba, tunda mutane sun bar abincinsu sun zo."

Ta goge ta rubuta: *The shop … opened tomorrow.* "Za a buɗe shago gobe."

Dilawar ya yi murmushi. Yanzu ya gano halin matar nan, *was* take so. Ya sa hannu a aljihu, sai ya ji wani abu na motsi a ciki. Kiyashi ne, sun biyo ƙafar wandonsa tun yana jawabi. Ya daure, ya dangwala wa *was*. Nawab ya ɗauka.

"Gobe na ce, Dilawar," in ji Baji Farzana, ta rubuta *will be*.

"Kun ga biyayya," Latif ya ce. "Ɗalibi ya ɗauko malaminsa sak. Saura faɗuwa uku ya kamo shi."

"Hayaniya ce ta yi yawa, tsuntsu ba ya tunani cikin hayaniya."

Daga kan rufi wata ta ce, "Farfesa, rawar me kake yi?"

Rawa kuwa yake yi. Cinnaku sun shigo bayan kiyashin, sun hau hannun riga, sun kai hammata. Yana magana yana ɗaga kafaɗa ɗaya, yana murza gwiwa da gwiwa. Mai ganga ya ga abin ya yi daidai da kiɗa, ya fara bugawa a hankali.

Tambaya ta uku Dilawar bai ko karanta ta ba. Ya tsoma hannu duka a aljihu ya fito da shi yana ɗiga, ya shafe katunan huɗu gaba ɗaya, a ransa yana cewa ko wanne tsuntsun ya ɗauka, laifin tsuntsu ne. Katunan suka manne da juna. Nawab ya sa baki ya ɗago huɗun a haɗe.

"Ya ce duk daidai ne," in ji Latif. "Wannan ya fi malaminsa wayo, Haji Sahib, a ba shi ɗakin."

Ana cikin dariya rina suka iso, irin rawayan nan da ke kewaya shagon kayan zaƙi. Biyu suka sauka a hannunsa, ɗaya ta shige aljihu, ɗaya ta zaɓi bayan kunne. Dilawar ya yi tsalle, ya fizge kwat ya wurgar. Kwat ta tashi sama, jalebi huɗu suka zubo, uku a ƙasa, ɗaya a cinyar Haji Barkat, kan farar rigar Juma'a.

Haji ya ɗaga jalebin da yatsu biyu, ya dube shi, ya dubi katunan da ke ƙyalli. "Wannan ce hanyar koyarwar?"

Dilawar kuwa yana gudun rina da baya da baya ya yi karo da keji. Keji ya kife da ƙara. Nawab, wanda babu zare a ƙafarsa, ya buɗe fukafukan da ba a rage ba, ya tashi da nauyin gwaiba biyu, ya tsallake kan mai ruwan rake, ya huta a kan allon "Kwalejin Farfesa Dilawar" ya bar masa shaida fara a kan hoton tabarau, sannan ya wuce ƙololuwar darbejiyar masallaci da kati ɗaya manne a jelarsa.

A daidai wannan lokacin Chacha Inayat ya shigo filin daga tasha, da ƙullin kayan biki a kafaɗa. Ya dubi kejin da ke kife, ya bi yatsun mutane da kallo har saman bishiya. Ya ajiye ƙullin a hankali.

"Ka ɗaura masa zare?"

"Wane zare, Chacha?"

"Wanda na bi ka har bakin titi ina gaya maka."

Aka yi ta kira, aka yi fito, aka ɗaga gwaiba a kan sanda. Wanda ya ƙoshi me zai yi da gwaiba. Nawab ya gyara zama, can ya tashi ya nufi gonakin mangwaro na bayan gari.

Haji Barkat ya goge rigarsa, ya zaro mabuɗin ɗaki daga aljihu ya miƙa wa Baji Farzana. Ta karɓa ta ce darasi zai fara ran Litinin, kuma a sauke mata wancan allon kafin nan. Ta dubi Dilawar da kunnensa ya kumbura ya yi biyu. "Akwai gurbi a bencin gaba, in kana so."

Sughra Bibi ta sauko daga rufin maƙwabta, ta ɗauki kwat daga ƙasa ta kakkaɓe cinnakun, ta ninke ta sa a hammata. "Gobe da asuba kawunka na jiranka."

"Ku tsaya," in ji Chacha Inayat. "An raba ɗaki, an raba kwat. Ni fa? Gobe kotu na zama, mutanena za su zo. Wa zai zaro musu kati?"

Haji ya shafa gemu. "Inayat, ka san ra'ayina a kan sana'arka. Amma amana aka ba shi ya tozarta, wannan kuma dole ya gyara. Me kake so?"

"Tsuntsuna."

"In babu fa?"

"Wanda zai yi aikinsa har ya dawo."

Kowa ya juya ya dubi Dilawar.

"Ku ɗauke shi," in ji Sughra Bibi. "Da safe yumɓu, da hantsi kati. Baki dai yana da shi."

"Ammi, ni fa Farfesa..."

"Sai dai da baki zai ɗauka," Chacha Inayat ya katse shi. "Mutanena ba sa yarda da hannu, hannu ya iya maguɗi. Yau ma kun gani. Kuma kada a ba shi karin kumallo mai yawa."

Haka aka yi. Kowace rana da hantsi Dilawar ya wanke yumɓun hannunsa ya zo ya durƙusa a gefen tabarma, gindin katangar kotu. Mai tambaya ya tsuguna, tsoho ya ƙwanƙwasa keji sau biyu da farce, Dilawar ya sunkuya ya zaro kati da haƙora, a miƙa masa ƙwayar shinkafa ɗaya. Lauyoyi suka yi layi. Mutane suka riƙa zuwa daga wasu unguwanni, waɗanda ba su da wata tambaya ma sai su ƙirƙiro. Latif kullum sai ya rufe shago ya tsallako ya tambaya ko za a yi ruwa.

Nawab ya dawo da kansa ran kwana na tara, ya rame, ya shiga ɗayan kejinsa da ke ajiye a gidan tsohon. Chacha Inayat ya dubi tsuntsun, ya tuna layin da ke jiransa a bakin kotu, ya rufa wa kejin zane ya ce bawan Allah yana buƙatar hutu. Bai gaya wa kowa ba sai da aka ƙara kwana goma. Kwana goma sha tara cur Dilawar ya yi a durƙushe yana ɗaukar kati da baki, a kan ƙwayar shinkafa ɗaya ɗaya.